Gwangwanin Magani a Ɗakin Uwargida



Ga damina ta sauka, ga dogon hutu. Tun daga Bebeji da Kiru har Doguwa yara sun bazu waje, waɗansu suna langa, waɗansu suna bin iyaye gona. Rauni kuwa ba ya sallama.

Bara na je hutu ƙauyenmu kusa da Tudun Wada. Ƙanena ya taka tsohuwar ƙusa a bakin garke. Kakarmu ta ɗebi ƙasa ta danna a ciwon don jini ya tsaya. Ni kuwa, duk da karatuna na horon malamai, kunya ta hana ni magana. Bayan kwana 3 ƙafa ta kumbura, sai asibiti. Malamar asibiti ta yi masa allura, ta ce ƙwayar cutar sarƙewar haƙora cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama. Allah dai ya kiyaye.

Tun ran nan na tanadi gwangwani mai murfi, na zuba sabulu, da auduga, da bandeji, da filasta, da aidin, da almakashi, da matsefata ta cire ƙaya. Na ajiye shi inda hannun yara ba ya kai.

In yaro ya ji ciwo, ki wanke hannunki, ki danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, sa'an nan ki wanke da ruwa mai kyau da sabulu, ki rufe. In ƙuna ce, a yi ta zuba ruwan sanyi minti 20, ban da manja. Rauni mai zurfi ko saran maciji, asibiti nan da nan.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan cikin ladabi. Kada kunya ta rufe muku baki yadda ta rufe mini.

Haza wasalam.