Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanena Kan Jiragen Da Ake Kira Möwe

New Bell, Duwala

Ƙanena,

Mu nan lafiya lau, sai ruwan Duwala da ka sani.

Saƙonka ya iso. Ka ce ka kasa gane yadda jirgin da ya kawo Jamusawa Kamaru a 1884 zai kasance shi ne ke nutsar da jiragen Ingila a 1916. Ai ba jirgi ɗaya ba ne, takwarori ne, duk sunansu Möwe. Sojan ruwa kan mayar wa sabon jirgi sunan tsoho, kamar yadda muke mayar wa jika sunan kakansa. Guda uku ne suka shafe ka.

Na farko an ƙera shi a 1879. Ƙaramin jirgin yaƙi ne mai injin tururi, ga kuma manyan ƙyallayen da iska ke turawa, domin kwal ba ya kai shi doguwar tafiya. Shi ya shigo bakin kogin Wouri, wanda masuntan Youpwé ke bi kullum, ɗauke da Gustav Nachtigal, mutumin nan da ya kai wa Shehu Umar kyaututtukan sarkin Furusiya a Kukawa a 1870. Ranar 12 ga Yuli 1884 Sarki Bell da Sarki Akwa na Duwala suka sa hannu a yarjejeniya da 'yan kasuwar Jamus, ranar 14 aka kafa tuta. Wakilin Ingila, Hewett, ya iso bayan 'yan kwanaki, ya tarar bakin alƙalami ya bushe. Nachtigal kuwa a cikin jirgin nan ya mutu a Afrilu 1885, a hanyar komawa gida.

Na biyu na 1906 ne, aikinsa auna zurfin teku. Jamusawa da kansu suka nutsar da shi a Darussalam a 1914.

Na ukun ne ya rikita ka. Asalinsa ba na yaƙi ba ne. Sunansa Pungo, an ƙera shi a 1914 don jigilar ayabar Kamaru zuwa Jamus. Yaƙi ya ɓarke, Duwala ta faɗa hannun Ingila da Faransa a Satumban shekarar, cinikin ayaba ya tsaya. Sai aka ɗora masa igogi a 1915, aka ɓoye su bayan farantan ƙarfe, aka sauya masa suna zuwa Möwe. Daga nesa sai ka rantse jirgin kaya ne. In ya matso, farantan su faɗi, bakin igwa ya bayyana. Nakiyar da ya dasa ce ta nutsar da babban jirgin Ingila King Edward VII a Janairu 1916. Bayan yaƙi Ingila ta karɓe shi, ya koma dakon ayaba da sunan Greenbrier. A 1945 jiragen sama suka nutsar da shi a gaɓar Norway.

Saboda haka duk inda ka rubuta Möwe a takardarka, ka sa shekarar ƙira a gefensa, malaminka ba zai sami abin kamawa ba. In ka zo hutu zan kai ka Bonanjo ka ga dutsen tunawa da Nachtigal.

Ka gaishe da Inna da Baba da yara duka. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Naka,
Yayanka