Saƙo ɗaya, rumbu uku

Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, a rumfunan zaɓen Rogo, kamar sauran sassan ƙasa, sakamako bai kwana a hannu ɗaya ba. Jami'in rumfa ya cike takardar EC8A, wakilan jam'iyyu suka karɓi kwafi, aka tanadi na'urar BVAS ta aika hotonta zuwa shafin IReV. Da ɗora sakamakon shugaban ƙasa ya gamu da tsaiko, takardun nan ne suka rage a hannun jama'a.

Masu rubuta manhaja sun daɗe da wannan dabara. Manhaja tana ajiye bayanin abin da ta aikata, kuma a Python, tun 2003, ana iya buɗe wa bayanin ƙofofi da yawa: saƙo ɗaya ya bayyana a allo, ya shiga fayil, ya tafi kwamfuta mai nisa. Kowace ƙofa da ma'auninta. Fayil ya kwashe komai, imel kuwa sai babban kuskure.

Ƙofar nesa ce abar tsoro. Idan sabis ya ɗauke, SocketHandler yakan zubar da saƙon shiru, ba ya ajiye shi har layi ya dawo. Wanda ya dogara da ita kaɗai a ƙauyen da sabis ke wasan ɓuya zai tarar da giɓi daidai sa'ar da yake neman bayaninta.