Ƙaramin Sani Ƙuƙumi Ne

Labarin da zan ba ku ba ji na yi aka ce ba, a kaina ya faru, kuma na daɗe ina jin nauyin faɗarsa. Amma da na ga yanzu duk mai tsohuwar mota burinsa ya danna ɗan maɓalli ta kulle kanta, sai na ga gara in faɗa, ko Allah ya sa wani ya tsira daga abin da ya kusa samunmu.

Mahaifina yana da mota Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo, irin waɗanda ake haɗawa a Kakuri ta Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Da bashin mota ya saye ta lokacin yana aikin gwamnati, ta girme ni nesa ba kusa ba. Tun ina yaro na san al'adarsa. In ya tsaya, sai ya miƙa hannu ya kulle ƙofofin nan uku daga ciki ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya murɗa makulli a tasa, sa'an nan ya kewaya motar yana jan kowane hannu. Da girma ya zo, ciwon baya da na gaɓɓai suka kama shi, wannan miƙewa ta zame masa aiki. Sau da yawa nakan ji nishinsa kafin hannunsa ya kai ƙofar baya.

Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa mutanen gida. Amma tsakanina da Allah akwai na biyu. Ran da duk Baba ya ara mini motar na shigo da ita jami'a, sai in ga 'ya'yan masu hali sun fito daga tasu, sun danna rimot ko waiwaye babu, ni kuwa ina nan ina rarrafe a kan kujeru. Abin yana ci mini rai.

Shi dai wannan kulli ba sabon abu ba ne. Tun a 1982 kamfanin Renault na Faransa ya sa shi a motarsa mai suna Fuego. Na farkon da wani haske da ido ba ya gani yake aiki, sai ka nuna motar daf da ita, na yanzu kuwa da igiyar rediyo. Motar da ba ta zo da shi ba, akan sayi kayansa daban a ɗaura mata.

Ana saura 'yan kwanaki Ƙaramar Sallah ta 2024, na tattara ɗan abin da na tara na nufi Ƙofar Ruwa na sayo. Da na buɗe kwalin na tarar da rimot biyu, da wani ɗan baƙin akwati wanda shi ne ƙwaƙwalwar abin, da 'yan injuna huɗu, kowace ƙofa ɗaya, da sandunan ƙarfe sirara, da damin wayoyi masu launi iri iri. Yadda abin ke aiki ba wuya. A cikin kowane ɗan inji akwai ƙaramar mota mai haƙora wadda ke shan wutar batir. In akwatin ya aika wuta ta wannan fuska sai injin ya tura sanda, ƙofa ta buɗe, in ya juya wutar sai ya jawo sandar, ƙofa ta kulle. Uku daga cikinsu waya bibbiyu gare su. Na ƙofar direba kuwa biyar, domin shi ne ke shaida wa akwatin an murɗa makulli, sauran su bi.

Mai kayan ya ce in kai wa mai wayarin. Na ce a raina, ni da nake karanta littattafai masu kauri, takarda ɗaya mai zane ce za ta gagare ni? Na jira ran da Baba ya bi wani abokinsa ta'aziyya ƙauye, na ɗauko filaya da sukudireba da tef, na ɓalle marafan cikin ƙofofin, na duƙufa tun hantsi har la'asar sakaliya. Wayoyi duka na sami wurinsu, in ban da guda ɗaya. Takardar ta ce a haɗa ta da maɓallin ƙofa. Na duba ban gane ko wane maɓalli ake nufi ba, na gwada rimot na ga ƙofofi huɗu sun amsa lokaci ɗaya, sigina ta ƙifta. Na ce to, ai wannan waya ado ce. Na naɗe bakinta da tef, na cusa ta ƙarƙashin sitiyari.

Da Baba ya dawo na miƙa masa rimot. Ya danna, ya ji ƙarar kullin, ya dube ni ya ce, "Kai ka yi wannan da hannunka?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya sa mini albarka. Daren nan da ƙyar na yi barci don murna.

Kashegarin Sallah da azahar muka shirya zuwa gaishe da 'yan'uwa. Wanda ya san Kano a watan Afrilu ya san irin ranar da nake nufi, motar kuwa tun safe tana tsakiyarta, gilasai a rufe. Baba ya danna ya buɗe, ya ɗauki 'yar yayata, yarinya 'yar shekara biyu wadda yake kira amaryarsa, ya zaunar da ita a baya. Ya ajiye makullan a kujerar gaba, ya tura ƙofa don kada ta faɗo, ya juya zaure ɗauko hularsa. Bai kai bakin zaure ba muka ji ƙaf! Mota ta kulle kanta. Makulli da rimot suna ciki, rimot na biyu kuma ni da kaina na ajiye shi a aljihun motar.

Wohoho! Muka yi ta jan hannaye, ina! Muna nuna wa yarinya ta ja nan, ta danna can, ita kuwa da ta ga fuskokinmu sai ta fashe da kuka. Nan da nan gumi ya jiƙe mata rigar Sallah. Yayata ta ɗora hannu a ka. Wani maƙwabci ya ce a nemo waya a zura ta gefen gilashi, wani ya ce a kira mai yankan makulli. Baba bai saurari kowa ba, ya ce, "Ku ba ni taɓarya." Umma ta kawo da gudu. Mutumin da ko ƙura ba ya bari ta kwana a jikin motar nan, shi ya kewaya ƙofar gaba ta ɓangaren da ke nesa da yarinyar, ya ɗaga taɓarya da hannun nan nasa mai ciwo ya rotsa gilashin. Duka abin bai wuce 'yan mintuna ba, amma da aka fito da ita jikinta zafi rau, sai da aka yi ta shafa mata ruwa kafin ta dawo daidai.

Ba wanda ya ce mini uffan, wannan kuwa ya fi mini duka ciwo. Da dare na sami Baba na durƙusa, na gaya masa zancen wayar da na naɗe. Ya yi shiru, can ya ce, "Gobe ka kai ta wurin masu abin. Ka tsaya kuma ka ga yadda ake yi."

Mai wayarin ɗin dattijo ne, ko takardar bai karɓa ba. Ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari ya jawo wayar ya ce, "Ɗan makaranta, wannan ce kunnen akwatin, kai kuma ka toshe shi." Ya nuna mini wani ɗan maɓalli a jikin madogarar ƙofa, wanda ke kunna fitilar cikin mota in an buɗe. Ashe irin akwatin da na saya an shirya shi ne in an buɗe da rimot, aka yi kamar rabin minti ba a taɓa ƙofa ba, sai ya ɗauka kuskure ne ya sake kullewa. Ta wannan waya yake sanin an buɗe ƙofa. Tun da ban haɗa ta ba, a wurinsa ba a taɓa buɗe ƙofar motar nan ba.

Bai tsaya nan ba, ya tono mini sauran ɓarnar. Na ɗauko wuta kai tsaye daga batir ban sa fis ba. Na bi da wayoyi ta tsakanin ƙofa da jikin mota ba tare da robar kariya ba, har ƙarfe ya fara cin fatar ɗaya, wanda da ta huje ta taɓa jiki, gobara ce. Injin ƙofar baya kuma na ɗaura shi a karkace, alhali dole ya yi layi ɗaya da sandar kulli, in ba haka ba yana ja yana gogawa har haƙoransa su cinye. Ya gyara duka kafin azahar. Kuɗin aikinsa bai kai rabin na sabon gilashi ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ban ce kada ka sa wa motarka rimot ba, abu ne mai amfani, bayan Baba ma ya huta. Amma ka kai wa wanda ya san aikin. Ka tambaya ko naka yana sake kulle kansa, ka gwada shi gilashi a sauke kafin ka yarda da shi. Rimot na biyu a gida ake ajiye shi. Kada kuma ka bar makulli da yaro cikin mota, ko da na ƙiftawar ido ne.

Shi kuwa Baba ya yanko wani makullin ya ɗaura a igiyar wandonsa. Har yau in ya danna rimot ya ji ƙarar, sai ya kewaya motar ya ja hannayen nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Da nakan yi masa dariya a ɓoye. Yanzu in ya ba ni aron motar, haka nake yi a gaban ajinmu, mai kallo ya kalla. Allah ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, amin.