Tafkin Cadi da Takardun Masana

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai maganar da na ke yawan ji a nan Mairi, har a bakin yaran da na ke koyarwa, wai Tafkin Cadi ya ƙafe, kashi 90 cikin 100 sun tafi. In ka ce wa ya faɗa, sai a ce masana. A ganina bai kamata malami ya tsaya nan ba. Sai ya nemo takardar, ya yi mata tambayoyi.

Maganar tana da tushe. A 2001 waɗansu masana biyu na Amurka, Coe da Foley, su ka buga takarda a kan yadda tafkin ya ragu. A 1963 faɗinsa wajen murabba'in kilomita 25,000 ne, amma bayan farin 1973 da na 1984 bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba.

Tambayata ta fari ita ce, daga wace shekara a ka fara awo? Shekarun 1960 na ruwa ne ƙwarai, tafkin ya cika maƙil. Alhali wajen 1908 wani Bafaranshe, Tilho, ya iske arewacinsa a bushe. Wanda ya auna rafi da damina, ya komo da rani, tilas ya ce rafi ya mutu.

Ta biyu, da me a ka auna? Hoton tauraron ɗan Adam yana ganin ruwan da ke fili, amma wanda ke ƙarƙashin ciyawa ya kan ɓuya masa.

Ta uku, wani ya sake gwadawa? A 2020 Pham-Duc da abokan aikinsa su ka lissafa har da ruwan cikin ciyawa, su ka tarar tafkin bai ci gaba da raguwa ba cikin shekaru ashirin ɗin da su ka duba.

Watau tafkin ya ragu da gaske, amma ba a kan hanyar mutuwa ya ke ba. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga yaron da iyayensa masunta ne daga Baga. Abin da mu ka faɗa a aji, shi zai kai gida.

Saboda haka kada mu tsaya ga kan magana. Mu karanta har wurin da masani ya bayyana yadda ya yi awonsa. Gani ya kori ji.