Makoko: Garin Da Ya Daɗe Ba Ya Cikin Taswira

Duk wanda ya bi ta kan gadar Third Mainland a Ikko, in ya waiwaya wajen Yaba, zai hango bukkokin katako jingim a kan turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi ya lulluɓe su. Wannan ita ce Makoko, garin masunta wanda Egun suka kafa tun ƙarni na 19. Yankuna shida ne: Oko Agbon, Adogbo, Migbewhe da Yanshiwhe a kan ruwa, Sogunro da Apollo kuwa a tudu. Titinsu ruwa ne, motarsu kwalekwale, har yaro ɗan shekara shida za ka ga yana tuƙi shi kaɗai.

Abin mamaki, mai karatu, shekara da shekaru in ka buɗe taswirar Ikko a wayarka, wurin nan shuɗin ruwa kawai za ka gani. Yawan mutanen ma kowa da nasa lissafin, daga 85,000 har zuwa 250,000. To, garin da ba a san iyakarsa ba, ta yaya za a tsara masa asibiti ko famfo? A watan Yuli na 2012 Gwamnatin Jihar Legas ta ba su wa'adin awa 72, sa'an nan aka aiko da masu rusa gidaje.

A 2019 ƙungiyar Code for Africa, tare da Humanitarian OpenStreetMap Team, suka ɗauki aikin zana garin. An koya wa matasan wurin, da yawansu 'yan mata, tuƙa ƙaramin jirgi marar matuƙi wanda ke ɗaukar hoto daga sama. Amma hoton sama rufin kwano kaɗai yake nunawa, ba ya faɗin wane ne makaranta, wane ne ɗakin shan magani. Saboda haka suka shiga kwalekwale da wayoyin hannu, lungu-lungu, suna sa alama a kan majami'u, masallatai, makarantu da wuraren sayar da ruwan sha, da sunayen da mutanen garin ke kiransu. Aka zuba duka a OpenStreetMap, watau taswirar intanet da kowa ke iya dubawa ko ƙara mata bayani.

A ganina, amfaninta ga mai gari shi ne hujja. In ya je gaban hukuma, yana da abin shimfiɗawa a kan tebur maimakon koke da fatar baki. Sai dai taswirar da ta nuna wa likita hanya ita ce kuma mai neman fili a bakin ruwa zai buɗe. Maƙwabtansu na Otodo Gbame, a gefen Lekki, Egun ne su ma, an kore su tsakanin 2016 da 2017, kuma Amnesty International ta ce sun haura mutum 30,000.