Waƙa Ta Tsira, Mai Waƙa Ya Ɓata

A shekarar 2009 wasu mata da miji suka sayi wani tsohon gida da aka daɗe da barinsa a garin St. Anne na Jihar Ilinoyi a Amurka. Suna cikin share shi sai suka tarar da tulin takardu, ashe rubutattun kiɗe-kiɗen Florence Price ne, baƙar fata ta farko a cikin mata da wata babbar ƙungiyar makaɗa ta ƙasar ta kaɗa aikinta, a Shikago cikin 1933. Ta rasu tun 1953, an kusa mantawa da ita, amma da yake kiɗanta yana kan takarda, kuma sunanta yana kai, sai ga shi yau ana kaɗa shi ana ambatonta.

Mu malaman Hausa na ƙasar Gumel wannan labari ya tsaya mana a rai, domin kuwa makaɗanmu ba su bar takarda a kango ba. Abin da suka bari yana cikin kaset da kuma kawunan tsofaffi.

Manya dai sun yi sa'a. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana cikin 1975, tun Shatan yana raye. Bayan rasuwarsa a 1999, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuwa ya bi makaɗa gari-gari ya rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu. Saboda haka duk ɗalibinmu ya san Narambaɗa na Isa ne, ya san Ɗankwairo ya rasu a 1991, tunda dai jarrabawa za ta tambaye shi.

To amma mu tambayi ɗalibin nan sunan makaɗin noman ƙauyensu a Gagarawa ko Sule Tankarkar, wanda gangarsa ta sa kakansa ya yini sunkuye a gayya. Sai ya yi shiru. Sau da yawa zai rera mana amshin waƙar tsaf, har da kirarin manomin da aka yi wa ita, amma wanda ya ƙaga ta sai ya ce, "Malam, ai ta gargajiya ce." Wannan kalma ta gargajiya, in an lura, da ita muke binne sunan mai fasaha. Babu waƙar da ta faɗo daga sama. Wani ne ya kwana yana juya ta, ya tara 'yan amshinsa suka gwada ta a zaure kafin a kai ta dandali.

Ku zo kasuwar Maigatari ran Alhamis ku gani. A da masu kaset sukan rubuta sunan makaɗi da biro a jikin kwali, ko da rubutun ya karkace. Yanzu yaro ne da kwamfuta yake tura wa mutum waƙa ɗari a waya, kowace da lamba maimakon suna. Muryar ta tsira, ba mu musa ba, har ta fi tsira da a kaset ɗin da zafi da ƙurar hunturu suke cinyewa. Sai dai wa ya yi ta, wa aka yi wa, wace shekara, wa ake yi wa zambon nan da habaicin? Waƙar fada in an rasa amsar waɗannan, rabinta ya tafi. Ga shi kuma wani makaɗin mahaifarsa tana hayin Nijar, iyayen gidansa suna nan Gumel, kamar yadda ita kanta sarautar ta zauna a Tumbi kafin ta dawo nan. Irin wannan kowane ɓangare yakan ɗauka ɗayan ne zai rubuta shi.

Aikin bai buƙaci jiran gwamnati. Ɗalibanmu suna zuwa hutu, kuma da wuya a rasa waya a gidansu. Sai a ba kowa aikin makaɗi guda na garinsu, ko mai kalangu, ko makaɗin dambe, ko zabiya mai kiɗan ƙwarya: sunansa da na mahaifinsa, a wurin wa ya koya, wa ya yi wa waƙa, yaushe ya rasu. A ɗauki murya, a rubuta, a kai kwafi ɗakin karatu na Kwalejin Ilimi ta Gumel. Kuma a fara da 'yan amshi, don su ne suka haddace abin da maigidansu ya faɗa, kuma yawancin waɗanda suka rage sun haura saba'in.