Godiya Ga Majalisar Duwatsu Ta Mile One

Wanda ya taso a Arewa ba ya sanin dutse abin kewa ne sai ya zauna a Fatakwal. Ƙasar nan yashi ce da taɓo da ruwa. Tsakuwar kankare ma a tifa ake kawo ta daga Akamkpa ta Kuros Riba ko Ishiagu ta Ebonyi, a auna maka kamar hatsi. A wannan gari mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara arba'in yana koli a Mile One, yana sayar da kwalli da kanwa da farar wuta. A nan ya rasu, ya bar mana akwatin ƙarfe cike da duwatsu, kowanne a naɗe cikin tsumma.

Mu tara ne, ga iyayenmu mata biyu. Da aka zo rabon gado, malamin ya raba rumfa da kuɗi, ya zo kan akwatin ya tsaya. Ya ce ba ya raba abin da ba a san ƙimarsa ba, domin akwai ƙananan marayu a cikinmu. Wani dillali ya ji labari ya zo har gida, ya zazzage akwatin a kan tabarma, ya yi ta ɗauka yana ajiyewa yana taɓe baki, sannan ya taya duka a kan abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba. Na kusa sallamawa. Inna ce, daga bayan labule, ta aiko a kira ni, ta ce ta lura akwai dutse guda da mutumin bai taɓa ba ko sau ɗaya, amma idonsa na kansa tun da ya zauna.

Ita na fara gode wa. Sai kuma ku, mutanen majalisar bayan mai shayi, da na sha wucewa ranar Lahadi bayan la'asar ina yi muku kallon waɗanda aiki ya yi wa kaɗan. Manya da furfura sun kewaye kiret ɗin ƙwai, kowane gurbi da tsakuwarsa da 'yar takarda an rubuta inda aka samo ta! Ku yafe mini.

Baba Direba, kai ka kafa zaman nan ba tare da ka yi niyya ba. Ka faɗa mini tun kana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Arewa kake tsintar dutse guda a duk inda ka yada zango, har ƙasan kujerar tirela ya cika. Da na kawo akwatin, kai ka hana kowa maganar kuɗi. Ka ce, "Ɗana, sai an san sunan abu ake tambayar kuɗinsa." Lahadi uku muka yi a kai, kuma ko kuɗin shayi ba ku bari na biya ba.

Kayan aikinku ne ya fara ba ni mamaki: ɓallin tayil, ƙusa, fasasshiyar kwalba, maganaɗisu, lemon tsami, da ɗan gilashin nan na masu gyaran agogo. Na ɗauko wani dunƙule mai ruwan rawaya da muka daɗe muna raɗa a gida cewa zinare ne. Ƙanena har ya fara zancen babur. Baba na Bukuru, kai da ka wanke kuza tun kana yaro, ko gilashin ba ka ɗauka ba. Ka goga shi a bayan tayil, ya bar baƙin layi. Ka ce zinare rawaya yake bari, kuma in an doke shi lanƙwashewa yake yi, wannan kuwa tarwatsewa zai yi. Ƙarfe ne da farar wuta suka haɗu. "Kama da wane ba ta wane," ka ce, ka miƙo mini abina. Sannan ka zaro wata baƙar tsakuwa da ban ko kalla ba, ka ɗora mini a tafi, na ji ta danne hannuna. Kuza ce. Ka yi shiru kana jujjuya ta, ka ce irinta jirgin ƙasa ya riƙa saukowa da ita nan daga Filato tun da layin dogo ya isa Jos ta Kafanchan a 1927, kuma bayan jirgin nan da yawa daga cikin iyayenmu suka biyo.

Malama, taki godiyar ta fi wuyar rubutawa, domin ranar da kika taimake ni haushinki na ji. 'Yar ƙabilar Ibo ce ke, haihuwar Jos, Hausa a bakinki kamar ta Bakatsiniya. Kin karanta ilimin duwatsu, kina koyarwa a wata sakandare, kina leƙo majalisar sau ɗaya a wata a ba ki kujera a gefe. Kusan rabin akwatin dutsen kwalli ne, wanda mahaifinmu yake zuwa da kansa Enyigba, kusa da Abakaliki, ya saro. Kika fasa guda da bayan cokali, ya rabu gida-gida masu kusurwa huɗu kamar sukarin kwali, yana walƙiya. Kika ce, "Ɗan'uwa, akwai jariri a gidanku?" Na ce satinsa uku. Kika ce kada a sake sa masa wannan a ido, domin fiye da kashi tamanin cikin ɗari na dutsen nan dalma ce, kuma yaro yana murza ido ya kai hannu baki.

Na ji kamar kin zagi mahaifina a kabarinsa. Da dutsen nan ya ciyar da mu, kuma kakanninmu da shi suka yi tozali. Ba ki ja da ni ba. Tambayata kawai kika yi daga ina muke. Na ce Zamfara. Kika ce to na san Bagega da Dareta da 'Yargalma. Na sani kuwa. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, a turmin da ake daka hatsi. Kika bayyana mini cewa kwalli ba ya kisa farat ɗaya irin haka, a hankali yake taruwa a jinin yaro ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba zazzaɓi ba kuka. A daren nan na ɗauke tandun daga ɗakin mai jego. Sai da aka yi rigima da tsofaffi, amma an ɗauke. Mahaifinmu bai sani ba, kuma na tabbata da wani ya zaunar da shi kamar yadda kika zaunar da ni, da ya ji.

Dutsen da dillali ya ƙi taɓawa shi muka bari ƙarshe. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, gefe shida, launinsa kamar sararin sama da hantsi. Alhaji ƙarami, kai da kake fatauci tsakanin Nasarawa Eggon da Keffi da Ibadan, ka karce kwalba da shi, ka ɗaga shi ga rana, ka ce akwa ne, dutsen ado mai kyau amma da tsaga a gindi. Nan take ka ce ba za ka saya ba, domin wanda ya yi ƙima bai kamata ya zama mai saye ba, balle kayan marayu. Ka haɗa ni da mutum uku daban-daban, ka ce kada in gaya wa ɗaya tayin ɗaya. Bai sayi gida ba. Ya biya bashin jinyar mahaifinmu, abin da ya rage malam ya raba bisa ƙa'ida, kowa ya sa hannu. Allah ya sa albarka a kasuwarka.

Akwai abu biyu da ba su da ƙimar kuɗi, magada suka yarda a bar wa majalisa. Ɗaya guntun kwal ne na Inugu. Baba Direba ya yi dariya ya ce garin da ba shi da dutse saboda wannan aka gina shi: an gano kwal a Udi a 1909, Turawa suka nemi bakin ruwan da za su fitar da shi, jirgin ƙasa ya fara sauke shi nan a 1916. Ya ce in zai sake zuwa Inugu zai kai ni Iva Valley, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙa 21 ranar 18 ga Nuwamba 1949. Ɗayan kuma dutse ne mai siffar dodon koɗi a nannaɗe, wanda muke tsoron taɓawa muna yara don mun ɗauka asiri ne. Malama ta ɗiga masa lemon tsami a inda ta kankare, muka ga 'yan kumfa. Ta ce halittar teku ce ta zama dutse, ana samun irinta a cikin dutsen siminti na Nkalagu da Ashaka, tun zamanin da teku ya ratsa ƙasar nan ta kwarin Binuwai. Yanzu shi ne yaran Islamiyya suke rububin riƙewa duk ranar da kuka kai musu kiret ɗin.

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku, ya kare Baba Direba a kan hanya. Lahadi mai zuwa ina tafe da goro da lakadan. Baba Direba, ka ce kana da lodin Gusau a ƙarshen wata. In ka zo Kwatarkwashi ka ɗan taka birki ka tsinto mini guda a gindin dutsen. Na riga na rubuta takardarsa, gurbinsa na nan kusa da kwal ɗin.